Cinikin Tsararrun Shafukan Rubutu na Na'ura: Mene ne Ainihin Abin da Ake Sayarwa?

Duk malamin da ya taɓa riƙe rajistar aji ya san cewa ba shi ne ya ja layukan da ke cikinta ba. Ya tarar da gurbin suna, da gurabun ranakun mako, da wurin haɗa jimilla a ƙarshen zango, aikinsa kawai shi ne ya cike. Haka rasit ɗin ɗan kasuwa yake, haka ma katin asibiti. Wani ne ya zauna tun farko ya yi tunanin abin da ya kamata a rubuta da inda ya kamata a rubuta shi, maɗaba'a ta buga, aka kai kasuwa. Irin wannan shafi da aka riga aka shirya masa gurabu shi ne za mu riƙa kira tsararren shafi a cikin wannan darasi. Ana iya kwatanta shi da tanda: gurabunta ne ke ba waina siffa, amma ƙullu na mai tuya ne.

A yau ma'aikata da yawa, kama daga likitoci da lauyoyi har zuwa malamai da akantoci, sun koma rubuta bayanan aikinsu a cikin kwamfuta da waya. Wannan ya haifar da wata sana'a, wato mutum ya tsara irin waɗannan shafuka a na'ura, ya ɗora su a intanet, masu bukata su biya su sauke. Ana yawan tallata sana'ar ga matasa da cewa kuɗi ne da ke shigowa mutum yana barci. Manufar wannan darasi ita ce mu duba ilimin da ke ƙarƙashinta da lissafinta, domin ɗalibi ya iya rarrabe tsaba da tsakuwa.

Me ya sa ƙwararre ke bukatar gurabu?

Amsar tana cikin yanayin ƙwaƙwalwar ɗan Adam. A shekarar 1885 wani masani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa, inda ya haddace jerin gaɓoɓin da ba su da ma'ana yana auna yadda suke zubewa. Ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a cikin sa'o'in farko, sannan ta riƙa lafawa. A 1956 kuma George Miller na Amurka ya nuna cewa abubuwan da mutum ke iya riƙewa a ransa a lokaci guda ba su wuce kamar bakwai ba. Daga baya, a 2001, Nelson Cowan ya kawo hujjar cewa adadin ya fi kusa da huɗu. To, ka ɗauki likitan da ke sauraren mara lafiya, yana duba shi, yana tunanin magani, ga layi a bakin ƙofa. Idan har sai ya tuna da kansa kowace tambaya da ta kamata ya yi, lalle wata za ta kuɓuce masa. Gurbin da ke jiransa a kan shafi shi ne ke tuna masa.

Misali mafi sauƙi ga ɗalibai shi ne tsarin da Walter Pauk ya ƙirƙiro a Jami'ar Cornell ta Amurka a cikin shekarun 1950. Ana raba shafi gida uku. Gefen dama, wanda ya fi faɗi, shi ne wurin rubuta abin da malami ke faɗa. Gefen hagu, mai faɗin kimanin santimita 6, ana barinsa sai bayan darasi, sannan a rubuta tambayoyi da muhimman kalmomi. A ƙasa kuma ana ware kimanin santimita 5 domin taƙaita shafin da kalmomin kai. Idan an zo bita sai a rufe gefen dama, a amsa tambayoyin hagu da ka. Layuka biyu ne kacal aka ja, amma sun tilasta wa ɗalibi ya koma ga rubutunsa kafin mantuwar nan ta Ebbinghaus ta yi aikinta.

A fannin likitanci, wani likita Ba'amurke mai suna Lawrence Weed ya damu da yadda bayanan marasa lafiya suke a hargitse, kowane likita yana rubuta abin da ya zo masa. A cikin shekarun 1960 ya kawo tsarin da aka sani da haruffa huɗu, S da O da A da P. Gurbi na farko na abin da mara lafiya ya faɗa da bakinsa ne. Na biyu na abin da likita ya gani ko ya auna, kamar zafin jiki da bugun jini da sakamakon gwaji. Na uku na hukuncin likita game da abin da ke damun mutumin, na huɗu kuwa na matakin da za a ɗauka. Hikimar tsarin ita ce ya raba ji da gani, ya kuma raba su biyun da zato, ta yadda likitan da ya karɓi aiki da dare zai iya bin tunanin na rana mataki-mataki. Har yau ana koyar da shi a makarantun likita da na jinya a ƙasashe da dama.

An ma taɓa auna tasirin irin wannan shafi da alƙaluma. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar tantancewa mai abubuwa 19 da ake dubawa kafin tiyata da lokacinta da bayanta. An gwada ta a asibitoci takwas, daga Toronto da Landan har zuwa Manila da Ifakara ta Tanzaniya, a kan marasa lafiya sama da 7,000. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna cewa mace-mace sun ragu daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa kashi 0.8, matsalolin bayan tiyata kuma daga kashi 11 zuwa 7. Sai dai akwai ƙarin bayani da bai kamata a ɓoye ba. Da aka wajabta irin wannan takarda a asibitocin lardin Ontario na Kanada, binciken da aka buga a 2014 bai ga wani sauyi na a-zo-a-gani ba. Masana da dama sun fassara wannan da cewa takarda ba ta aiki da kanta, sai ma'aikata sun fahimci dalilin kowane gurbi sun kuma yarda da shi. Wanda zai shiga wannan sana'a ya riƙe wannan batu, domin za mu sake komawa kansa.

Yadda shafin yake a cikin na'ura

Tsararrun shafukan da ake sayarwa sun kasu gida biyu manya. Na farko shi ne wanda ake rubutu a kansa da hannu. Ana shirya shi a sigar fayil da ake kira PDF, wadda kamfanin Adobe ya fitar a 1993. Amfanin wannan siga shi ne shafi ba ya sauya kama, yadda aka tsara shi haka zai fito a kowace na'ura. Kasuwar wannan nau'i ta buɗe ne bayan fitowar iPad a 2010, wato kwamfuta mai siffar allo, musamman bayan da kamfanin Apple ya fitar da alƙalaminta a 2015. Mai saye yakan buɗe fayil ɗin a cikin manhaja irin su GoodNotes ko Notability, ya riƙa rubutu da alƙalamin na'ura. Rubutun nasa ba ya taɓa ainihin shafin, yana zama ne a wani shimfiɗi daban a samansa, kamar a ɗora farar leda a kan taswira a yi zane a kanta. Shi ya sa ake iya gogewa ba tare da layuka sun goge ba.

Abin da ya bambanta shi da takarda shi ne mahaɗai. Mai tsarawa yakan sa maɓallai a gefen shafi, kowanne an ɗaure shi da wani shafi na cikin fayil ɗin, da an taɓa "Maris" sai ga shafin Maris. Littafin tsara ayyukan shekara mai shafin kowace rana da kowane mako da kowane wata zai kai shafi 429, wato 365 da 52 da 12, kuma kowane shafi yana iya ɗaukar maɓallai ashirin ko fiye. Ana iya yin aikin da manhajojin da aka saba da su, irin su PowerPoint ko Canva. Wahalarsa ba ta wuce ta haƙuri ba, domin maɓalli ɗaya da ya kai mutum shafin da ba shi ba ya isa ya jawo ƙorafi.

Nau'i na biyu shi ne wanda ake bugawa da madannai a cikin manhaja mai rumbun bayanai, kamar Notion, wadda ta fito a 2016. A nan shafukan suna magana da juna. Lauya zai iya samun jadawalin waɗanda yake wakilta, da jadawalin shari'o'i, da na ranakun zaman kotu, duka a ɗaure, ta yadda idan aka ɗage zama ya sauya rana a wuri ɗaya sai ta sauya ko'ina. Mai saye yana samun mahaɗi ne, ya danna, kwafin tsarin gaba ɗaya ya koma cikin asusunsa. Wannan nau'i ya fi wuyar ginawa, kuma galibi ya fi tsada.

Lissafin kasuwar

Masana tattalin arziki sun daɗe da lura cewa hajar bayani tana da wata ɗabi'a ta daban: kwafin farko yana da tsada, amma na biyu da na dubu kusan kyauta ne. Mai buga rajista sai ya sayi takarda da tawada ga kowace rajista. Mai tsararren shafi na na'ura kuwa, da ya gama na farko ya gama kashe kuɗi.

Bari mu ƙaddara, don lissafi kawai, cewa wani ya yi awa 40 yana tsara shafinsa, kuma ya ƙiyasta kowace awa a kan dala 5. Jarinsa ya zama dala 200. Idan ya sayar da kwafi 10, kowanne ya ci masa dala 20. Idan ya sayar da 100, dala 2. Idan ya kai 1,000, senti 20 kacal. Daga nan ne maganar samun kuɗi ana barci ta samo asali, kuma ta fuskar lissafi ba ƙarya ba ce. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wannan sauƙi bai tsaya ga mutum ɗaya ba. Duk wanda ya ga hajar tana tafiya zai iya yin irinta, kuma tun da kwafi ba ya cin kowa komai, kowane sabon shiga yana iya karya farashi har ya kai ga bayarwa kyauta. Kamfanonin manhajojin da kansu suna raba ɗimbin shafuka ba ko kwabo. Tun daga ƙarshen 2022 kuma, da fitowar ChatGPT da makamantansa, mutum yana iya neman na'ura ta zayyana masa shafin rubuta bayanan taro cikin daƙiƙu.

Sannan akwai la'adar kasuwa. Etsy, wadda aka kafa a birnin New York a 2005, tana daga cikin manyan wuraren wannan ciniki. Tana karɓar senti 20 a kan kowace haja da aka baje, da kashi 6.5 cikin ɗari na kuɗin ciniki tun daga watan Afrilun 2022. Ga mai sayarwa da ke Amurka akwai kuma kuɗin sarrafa biya, kashi 3 cikin ɗari da senti 25. Mu gwada farashi uku. Hajar dala 20 za a cire mata dala 2 da senti 35, wato ƙasa da kashi 12 cikin ɗari. Hajar dala 5 za a cire mata kimanin senti 93, wato kusan kashi 19. Hajar dala 1 kuwa za a cire mata kimanin senti 55, fiye da rabi ke nan. Dalili shi ne senti 45 ɗin nan ba ya raguwa komai arhar haja. Saboda haka wanda ya shiga gasar karya farashi kasuwa yake yi wa aiki. Mutumin namu mai jarin dala 200, idan yana sayarwa dala 5, sai ya samu masu saye 50 kafin ya mayar da ladan zamansa, kuma samun mutum 50 da za su zaɓi nasa a cikin dubban irinsa shi ne babban aikin.

Shari'ar Selden

Mai karatu zai iya tambaya, shin doka ba ta hana a kwaikwayi tsarin wani ba? An amsa wannan tambaya tun kafin a yi kwamfuta. Charles Selden akanta ne a birnin Cincinnati na jihar Ohio. Ya ƙirƙiro wata hanya ta ajiye lissafi wadda ke nuna hada-hadar rana ko mako ko wata a shafi ɗaya ko biyu masu fuskantar juna, ya kuma yi rajistar haƙƙin mallakar littafinsa a 1859. Littafin kusan duk tsararrun shafuka ne masu layuka da kanun gurabu, da ɗan bayani. Ya ci bashi ya buga, amma ciniki bai yi ba. A 1867 wani mai suna Baker ya fito da nasa littafin mai bin kusan hanya ɗaya da ɗan sauyin gurabu, shi kuwa ya samu kasuwa. Selden ya rasu a 1871, matarsa ta shigar da ƙara, ƙaramar kotu ta ba ta gaskiya. Amma a watan Janairun 1880 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin. Ta ce haƙƙin mallaka yana kare bayanin da marubuci ya yi game da wata hanya, amma ba ya hana jama'a amfani da hanyar, kuma shafukan da ba a cike ba ba sa cikin abin da ake karewa.

Har yanzu ƙa'idojin Amurka suna lissafa fom ɗin da ba a cike ba, irin su littafin lissafi da takardar oda, a cikin abin da ba shi da kariya. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ita ma ta fitar da ra'ayi da hanya da tsarin aiki daga cikin abin da take karewa. Ma'anar wannan ga mai sana'a a fili take. Wanda ya ɗauki fayil ɗinka, da zanenka da rubutun bayaninka, ya sayar, ya taka doka. Wanda ya ga dabarar rabon gurabunka ya je ya zana nasa kuwa, da wuya ka kama shi. Kai ma ta wannan ƙofa ce kake iya sayar da shafi mai tsarin Cornell ba tare da ka nemi izinin kowa ba.

To, su wa ke samu?

Sunan da aka fi ambata shi ne na Thomas Frank, Ba'amurke, wanda ya bayyana cewa ya yi cinikin sama da dala miliyan ɗaya a 2022 daga tsararrun shafukan Notion. Masu tallata sana'ar suna son wannan labari, amma sukan tsallake farkonsa. Mutumin ya fara rubutu kan dabarun karatu tun 2010 yana ɗalibi, kuma kafin ya sayar da shafi ko ɗaya ya tara mabiya sama da miliyan biyu a YouTube. Ya kuma yi ta koyar da amfani da manhajar kyauta. Ashe shekaru fiye da goma na koyarwa da amana ne suka zama kuɗi, shafin kuwa shi ne abin da aka miƙa a kan kanta.

A ganina, abubuwa biyu ne ba a iya kwafa da danna maɓalli. Na farko shi ne sanin aikin daga ciki. Shafin "bayanan taro" kowa zai iya yi. Amma shafin miƙa aiki tsakanin ma'aikatan jinya a ɗakin haihuwa, sai wanda ya tsaya a ɗakin ya san abin da aka fi mantawa da ƙarfe biyun dare. Na biyu shi ne bayani da kulawa bayan ciniki. Darasin Ontario ke nan: gurbin da mai cikewa bai san dalilinsa ba, tsallake shi zai yi. Shi ya sa masu sana'ar da suka daɗe sukan haɗa hajarsu da misalin da aka cike, da ɗan bidiyon koyarwa, su kuma riƙa gyara ta idan manhaja ta sauya. Wannan kuwa aiki ne na ido biyu.

Akwai kuma amana ta wani ɓangare. Shafin da aka yi wa likita ko lauya zai ɗauki sirrin mutane. Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, kuma asibitoci da ofisoshi suna da nasu ƙa'idojin game da inda ake ajiye bayanai. Bai dace mai sayarwa ya zuga ma'aikaci ya kwashe bayanan marasa lafiya zuwa asusunsa na kansa a wata manhaja ba.

Ga mai zaune a Nijeriya, ƙofar ba a rufe take ba, amma tana da nata sharuɗɗan. Etsy tana da jerin ƙasashen da ta yarda mazaunansu su buɗe shago, don haka sai an duba kafin a fara wahala. A gida akwai Selar, wadda aka kafa a 2016, inda ake sayar da hajar na'ura a karɓi naira. Sai dai yawancin ma'aikatanmu waya ce a hannunsu, iPad da alƙalaminta kuwa sai ɗaiɗaiku. Shafi mai gurabu shida a jere, wanda ya yi kyau a babban allo, azaba ne a fuskar waya. Mai tsarawa zai yi la'akari da wannan, ya kuma tuna cewa wasu za su so su buga a takarda, kuma takardarmu A4 ce, mai milimita 210 da 297, wadda ta bambanta da ta Amurka. Idan da Hausa za a rubuta kanun gurabu, sai an zaɓi salon haruffa mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, in ba haka ba akwatuna ne za su fito a madadinsu, ko ƙasa ta koma kasa.

Malaman da ke karanta wannan suna riƙe da misali a hannunsu, wato shirin darasi. Kowa ya san gurabunsa: manufa, da ilimin da ɗalibai suke da shi a baya, da kayan koyarwa, da gabatarwa, da matakan koyarwa, da auna fahimta. Wannan ƙwarangwal ba mai biya dominsa, don kowace kwalejin ilimi tana koyar da shi. Amma malamin kimiyyar sinadarai da ya shekara goma yana koyarwa a makarantar da ba ta da ɗakin gwaji ya san abin da ƙwarangwal ɗin bai sani ba. Ya san gwajin da za a iya yi da toka da lemon tsami da ruwan zoɓo a madadin sinadaran kanti, ya san inda ɗalibai ke tuntuɓe kowace shekara. Idan ya zuba wannan a cikin gurabu, mako-mako bisa manhajar karatu, sabon malami zai ga abin da ya cancanci kuɗinsa.

Aikin aji

Malami ya raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya zaɓi ma'aikaci ɗaya da zai iya zantawa da shi, ko ungozoma, ko tela, ko mai kemis, ko sakataren makaranta. Su tambaye shi abin da yake rubutawa kullum, da abin da ya taɓa mantawa har ya jawo masa asara. Daga amsoshinsa su zana tsararren shafi ɗaya a takarda da rula, kada gurabunsa su wuce bakwai. Su kai masa ya yi amfani da shi na mako guda, sannan su karɓo su ƙirga gurabun da ya cike, da waɗanda ya tsallake, da abin da ya rubuta a gefe saboda bai samu wurinsa ba. A gyara shafin bisa wannan, sai a mayar da shi cikin kwamfuta idan makaranta tana da ita. Daga ƙarshe kowane rukuni ya sa wa hajarsa farashi, ya cire la'adar kashi 10 cikin ɗari, ya lissafa kwafi nawa zai sayar kafin ya mayar da ladan awannin da ya yi.